Waƙar da Na Tsinka a Utaibiyya

Ƙarfe biyar saura minti goma na yammacin Laraba, kwana tara da dawowata daga Umara, muna zaune a kan benci a ƙofar shagon Alhaji Mudi mai taya, a Tudun Wadan Zariya. Mu uku ne: ni, da Alhaji Mudi, da Malam Tanko tsohon direban tirela. Malam Tanko ya dube ni ya ce, "Malam Isiyaku, kowa ya je Makka ya dawo da labari, kai ka dawo da dabino da shiru. Kuma jiya da kunnena na ji kana rera wani abu ta hanci kana sharar ƙofar gida. Kai da ka kashe min rediyo sau uku a kan bencin nan! Me ya same ka a can?"

Shi ne mutum na goma sha ɗaya da ya tambaye ni, na ƙirga. Ni ban iya ba da labari ana katse ni ba. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin duba-gari, na saba in rubuta abin da na gani bi da bi, wannan gida sannan wancan. Saboda haka na ce musu zan rubuta, kowa ya karanta, a huta. Ga shi.

Da farko, dalilin tafiya. Mahaifina, Malam Haruna, tela ne, kuma ladanin masallacin unguwarmu. Mun san ya je yaƙin Bama, amma ba ya maganar, mu ma ba ma tambaya. A gidansa ba rediyo, ba kalangu ko da ranar suna ne. Haka ya rene ni, haka na reni 'ya'yana. Ranar da zai rasu, da hantsi, ya kama hannuna ya ce yana da ƙanwa mai suna Hajara, wadda ta bi mijinta gabas ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, tun kafin a haife ni. Ya ce, "In Allah ya kai ka Makka, ka nemo ta ka roƙar min gafara." Na ce, "Gafarar me, Baba?" Ya juya fuskarsa bango. Shekara talatin da ɗaya saƙon nan yana wuyana. Bara wani ɗan unguwarmu mai zuwa sarin kaya ya samo min 'yarta, Zainabu, a Makka. Ta waya ta ce min, "In za ka zo, ka zo. Tsohuwa ta yi nisa."

Zango na ɗaya, hanya. Na bar Zariya ƙarfe shida na safe, na isa filin jirgi a Kano ƙarfe tara. Kusa da ni a cikin jirgi wani ɗan kasuwa ne mai ƙiba, ya ce wannan ne zuwansa na goma sha huɗu. Tun a ƙasa ya ce min in ɗaura tufafin harami. Na ce a'a, littafin da na karanta ya ce sai a miƙati. Da aka sanar an kusa miƙati na shiga bayin jirgi, wanda bai fi akurkin kaji faɗi ba. In na ɗaga hannu in bugi rufi, in na sunkuya goshina ya bugi madubi. Gwiwar hannuna ta danna wani maɓalli, masai ya yi wata irin zuƙa kamar zai haɗiye ni da jirgin gaba ɗaya. Na fito da zane ɗaya a ƙugu, ɗaya a hammata, takalmi ƙafa ɗaya. Ɗan kasuwan ya miƙo min fil biyu. Wannan ne karo na farko a tafiyar da na yi gaban kaina. Da na ɗauki darasi tun a nan, da ban rubuta wannan takarda ba.

Zango na biyu, shiga ƙasa. A Jidda yatsuna suka ƙi kamawa a na'ura, sai da aka shafa musu wani ruwa sau biyu. Sannan aka buɗe jakata. Na riƙo wa Goggo Hajara tsaraba: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da daddawa cikin roba mai murfi. Jami'in ya buɗe robar, ya ja baya taku uku, ya toshe hanci ya kira abokin aikinsa. Ni ba ni da Larabci sai na salla. Na shiga yi masa alamar tuƙa tuwo da kaɗa miya, mutane suna kallona. Abokin nasa ya iso, baƙi ne kamar ni, cikin kakin gwamnati. Ya leƙa robar, ya yi murmushi, ya ce, "Daddawa. Kaka tana so. Wuce, Baba." Na tsaya zan gaishe shi yadda ya kamata, in tambayi mutanen wane gari ne iyayensa. Ashe Hausar tasa ke nan ta ƙare.

Zango na uku, masauki. Mijin Zainabu ne ya tare ni. Sunansa Usumanu, amma kowa Abu Majid yake ce masa, don a can mutum da sunan babban ɗansa ake kiransa. Ya kai shekara saba'in, yana sayar da turare da carbi a unguwar Aziziyya ta Makka, Hausarsa ta Damagaram ce da Larabci ya shiga mata ko'ina. "Yalla, Malam, shiga sayyara," ya ce, yana nuna min mota. A hanya na ga ya miƙa hannu zai kunna wani abu, ya saci kallon fuskata, ya janye hannun. Na lura, amma ban tambaya ba. Ya kai ni na yi ɗawafi da sa'ayi, na yi aski. Ba zan yi bayanin ganin Ka'aba ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah ya kai shi.

Gidansu yana Utaibiyya, hawa na uku, a wani lungu da mota ba ta shiga. Ba zaure, ba tsakar gida. Iyali a kan iyali kamar jeren kwanuka. A matsayina na tsohon duba-gari na ga abu uku: kyanwoyi sun fi ƙarfin bola, ruwa a tanki yake a kan rufi, kuma ban ga kwata ko ɗaya a buɗe ba.

Zainabu ta buɗe ƙofa, mace mai jiki, shekara sittin da 'yan kai. Ɗiyar goggona ce, wato taubashiyata, kuma ba ta bari na manta ba.

"Ahlan, ahlan! Ashe kai ne Duba-gari. Bismilla, shigo ka duba mana tulunan, ko da tsutsa."

Na ce, "Ban ga tulu ba."

Ta ce, "Ai shi ya sa na ce ka duba. Dubi wuyansa, Abu Majid, kamar an ɗaura masa sanda. A Zariya ba a dariya ne, ko sai da izinin hukuma?"

Abinci. Da safe wake ne dakakke da mai, suna ce masa ful, ana ci da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da rana shinkafa da nama a babban faranti, ba miya ko ɗigo, kowa ya sa hannu. Sai gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye, Abu Majid ya ƙara. Na shanye, ya ƙara. A wurinmu ba a mayar da hannun mai gida. Sai a kofi na tara Zainabu ta leƙo tana riƙe ciki don dariya, ta ce in ka ƙoshi girgiza kofin ake yi. Ranar zuciyata bugawa ta yi ta yi kamar injin niƙa.

Yanzu Goggo Hajara. Tana ɗakin ciki, a kan gado, ta ƙanƙance kamar 'yar tsuntsuwa, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Na durƙusa na gaishe ta. Shiru. Na ambaci sunan Baba. Shiru. Zainabu ta ce ita kanta da ta haifa, yawancin yini ba ta gane ta.

Na ce, "To ta yaya zan isar da saƙo?"

Ta ce, "Ka bari sai bayan la'asar. Tana dawowa bayan la'asar."

"Wane magani kuke ba ta?"

"Za ka gani, Duba-gari."

Zango na huɗu, ɓarnar da na yi. Zan faɗe ta yadda ta faru, ba ragi.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin muka dawo daga masallacin unguwa. Abu Majid ya tsaya sayen burodi, na hau bene ni kaɗai. Tun a hawa na biyu na fara jin abu. Kakakin Turawa ne, ba ɗaya ba, da yawa, suna tafiya tare a hankali, ƙarƙashinsu wata ganga kamar ana jan tsintsiya a kan faranti. Can sai muryar mace ta shigo, da Turanci, ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta tashi daga barci da 'yar mura. Na ce a raina maƙwabta ne. Na isa hawa na uku, na ji daga gidanmu take fitowa.

Na yi sallama na shiga ɗakin Goggo. Tsofaffin mata biyu suna zaune a kan darduma, idonsu a lumshe. A kan durowa wata tsohuwar rikoda ce, kaset yana juyawa. Daga baya na tuna cewa kan Goggo yana motsi, ɗan yatsanta yana bugun bargo. A lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne mace ƙafarta ɗaya a kabari, a garin da Ka'aba take, an saka mata muryar Baturiya a kunne maimakon karatu. Na danna maɓalli, ba shi ba ne. Na danna wani, murfin ya buɗe, na fizgo kaset ɗin. Zarensa ya maƙale a ciki. Na ja, ya biyo ni, tsawon gaba ɗaya, gaba biyu, gaba biyar, yana miƙewa yana murɗewa, har ya tsinke a wuri uku.

Zainabu ta shigo da kwanon kunu. Ta dubi hannuna, ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali.

"Isiyaku," ta ce. Ranar ce kaɗai ta kira sunana. "Ka san me ka tsinka?"

Na ce, "Abin da bai kamata ba."

Ta nuna min gado. Yatsan Goggo ya tsaya. Ta juya fuskarta bango, daidai yadda Baba ya juya tasa.

Bayan magariba Abu Majid ya kai ni kan rufi, kusa da tankin ruwa, ya ba ni labarin da Goggo take ba su duk shekara lokacin tana da hankalinta. Zan jera shi.

Na ɗaya. Mahaifina ba bindiga kaɗai ya riƙe a soja ba. Ɗan badujala ne, mai busa begila da kakakin Turawa. Na ce, "Baba? Ladan?" Sai na tuna yadda yake jan kiran salla da numfashi ɗaya har a ji shi daga bakin kasuwa, mutane suna cewa baiwa ce.

Na biyu. A dajin Bama manyansu suna da garmaho. Da yamma in an saka faifan mawaƙan matan Turawa, sansanin kan yi tsit, baƙi da fari, wanda ya ji Turanci da wanda bai ji ba. Da aka gama yaƙi wani Bature ya bar masa garmahon da fayafayi. Ya dawo da su Zariya. Hajara tana 'yar shekara tara, ita ce mai wana masa garmahon.

Na uku. Bayan wasu shekaru ladanin unguwa ya rasu, Baba ya nemi gurbin. Dattawa suka ce mabushi ba zai kira musu salla ba. Washegari da safe ya zuba fayafayin a turmi ya dake su da taɓarya, a gaban ƙanwarsa. Ta riga ta soke guda ɗaya a zaninta. Da ta yi kuka ya mare ta, ya ce ba shi da ƙanwa mai kukan waƙar kafirai. Ranar da ta bar gari da mijinta bai fito rakiya ba.

Na huɗu. Faifan nan guda ya ƙetare Chadi da Sudan a cikin ƙullin kayanta, shekara shida a hanya, suna tsayawa noman auduga suna wucewa. A Makka mijinta ya sa aka juye shi a kaset kafin zafi ya lanƙwasa shi. Ya riƙa ƙara mata wasu irinsa daga rediyo har kaset ya cika. Amma ta farkon ita ce tata. Ita take kira "matata." Ita na tsinka.

Na ce, "Ba ku da wani kwafi?"

Ya ce, "Kullum bukra, bukra, gobe za a juye a waya. Ma'alesh, ba komai, Malam. Laifinmu ne mu ma. Na ce wa Zainabu ta gaya maka tun da safe, ta ce so take ta ga fuskarka."

Zango na biyar, kwana biyu mafi tsawo a rayuwata. Wani mai gyaran rediyo a lungun ya liƙa abin da zai liƙu. Waƙoƙi goma sha ɗaya suka tsira. Aka saka mata su duka, ba ta motsa ba. Majid, babban ɗansu, magidanci ne mai aiki a mustashfa, wato asibiti, ya zo ya zauna da waya yana nemowa. A nan na ƙara shan mamaki. Ashe waƙoƙin nan ba su mutu ba. Ɗaruruwa ne, kuma har yau ana saurare. Majid ya ce abokan aikinsa da ba su kai arba'in ba suna sakawa in sun tashi daga aiki. Abu Majid ya sunkuyar da kai ya ce shi ma su ne a motarsa. "Wallahi, Malam, cunkoson Aziziyya lokacin Hajji, in ba matan nan ba, da tuni na rufe wani da duka."

Amma ba wanda ya san sunan ta Goggo, ko sunan mai yin ta. Zainabu ta gwada rerawa, ta ce a kunnenta duk iri ɗaya ne.

Ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu, Hajiya Mairo, Bakatsiniya ce, daga unguwar Shisha take hawo tasi duk Talata da Alhamis don ta saurara tare da Goggo. Na kasa haƙuri na tambaye ta, "Hajiya, kina jin Turanci ne?"

Ta ce, "Ko kalma."

"To me kike ji a ciki?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ake yi da gishiri. "Ɗan nan, matar nan ba ta rawa ba ce. Mijinta ne ya tafi, ba ta san ko zai dawo ba, kuma ta ƙi yin kuka. Jira take yi. Wace ce a cikinmu ba ta yi jira ba? Ni shekara ashirin ina jiran takarda daga Katsina."

Goggo ba ta ci komai ba kwana biyu, sai ruwa da cokali. Majid ya ce in aka kai jibi haka, sai a kai ta a sa mata ƙarin ruwa. Zainabu ta daina tsokanata, wannan ya fi min zafi. Rana ta biyu da la'asar ta same ni a tsaye a ƙofar ɗakin, ta ce, "Bari in gaya maka abin da ba ka tsaya ka gani ba. Kullum in matar nan ta gama, Ummi sai ta sha kunu, sannan ta ce a kawo mata buta. Ta yi alwala da kanta, ta yi salla a zaune, ta yi wa kowa addu'a da sunansa. Kai da ka zo gyara mata lahira, yau kwana biyu goshinta bai sunkuya ba."



Rana ta uku bayan azahar ina zaune a Masallacin Harami, carbi a hannu, ina roƙon Allah kada tsohuwar nan ta tafi ta dalilina. Sai na ji kakakin nan a cikin kaina. A wannan wuri! Na nemi tsari daga shaiɗan. Ya tafi, ya dawo. Na sake neman tsari. Da ya dawo karo na uku bai zo shi kaɗai ba, ya zo da ƙarar keken ɗinki. Na ga shagon Baba da safe, ya ba ƙofa baya, ƙafarsa tana taka keke, yana jan wani abu ta hanci. In inuwar mutum ta faɗo ƙofa sai ya yi shiru. Shekara da shekaru ina jin abin nan, na ɗauka irin nishin masu aiki ne. A bene ban ji fiye da rabinta ba kafin in tsinka. Amma a kaina ta ci gaba, har ƙarshe. Na san ta duka.

Zango na shida. Ƙarfe huɗu da kwata na shiga ɗakin Goggo, na ce a rufe ƙofa. Zainabu ta ƙi fita. Na zauna a bakin gado, na dafa gwiwoyina, na yi gyaran murya sau biyu. Ni da ban taɓa yi wa ɗana waƙar reno ba. Na rufe baki na fara ta hanci, ƙafata tana taka ƙasa kamar yadda Baba yake taka keke.

Zainabu ta rufe bakinta da mayafi. Na ci gaba. Gumi ya jiƙa min riga. Na kai ƙarshe, ba abin da ya faru. Na koma farko.

Ina tsakiyar karo na biyu na ji murya daga wajen bango.

"Ka cika sauri."

Na tsaya.

"Ka cika sauri, Yaya. Ja ta a hankali. Ba fareti ba ne."

Na ja ta a hankali. Goggo ta juyo, yatsanta ya soma bugun bargo. Da na gama ta ƙura min ido, ta ce, "Yaya Haruna, ka tsufa."

Zainabu ta yi min alama da ido in amsa kawai. Ban iya ba. Saƙo aka ba ni, ba a ce in ari sunan mamaci ba. Na ce, "Goggo, ba shi ba ne. Ɗansa ne, Isiyaku. Baba ya rasu, shekara talatin da ɗaya ke nan. Shi ya aiko ni. Ya ce in roƙe ki gafara."

Na ji tsoron ta sake tafiya. Can ta ce, "Allah ya ji ƙansa. A ina ka koyi wannan?"

"A bakinsa. Kullum da safe, a kan keken ɗinki."

"Kullum?"

"Kullum, Goggo. In ya ga ba kowa."

Ta fara dariya, ba haƙori ko ɗaya, har tari ya sarƙe ta, Zainabu ta tallafe ta. "Ja'iri!" ta ce. "Ja'irin ladan! Ya daka na turmi, ya bar na cikin kansa." Ta share ido da bayan hannu. "Na yafe masa. Tun a hanyar Sudan na yafe masa, ɗan aike ne ban samu ba. Duniya da lahira."

Na ce Alhamdu lillahi. Wuyana ya sake, karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya.

Sai ta dubi durowa ta ce, "Zainabu, ina matata? Saka min ita ya ji yadda ake yi."

Zainabu ta dube ni. Na ce, "Goggo, ni na tsinka ta. Shekaranjiya waccan. Da hannuna."

Ta ce, "Uba ya daka, ɗa ya tsinka. Jini ba ya ƙarya." Ta ɗaga yatsa. "Shi na yafe masa, ya mutu. Kai kana da ƙafa. Ka nemo min ita."

Ta sha kunu ludayi huɗu. Ta ce a kawo buta.

Kwana shida suka rage min, kuma kullum bayan la'asar ina bakin gadon nan. Hajiya Mairo ta ce muryata kamar an taka wuyan kwaɗo, amma ba ta fasa zuwa ba. Majid ya kara min waya a hanci ko za ta gane waƙar, ta kawo wasu daban. Ranar tafiyata Zainabu ta naɗi muryata a wayarta, ta ce, "Duba-gari, in ka ƙara minti ɗaya sai in kai ka gidan rediyo." Da ita suke lallaɓawa yanzu. Jiya ta waya ta ce min wata rana Goggo takan taso, wata rana takan ce wannan ba matarta ba ce, wani gardi ne mai mura, ta juya bango.

Malam Tanko, ga amsarka. Ban ce kiɗa ya halatta ba, ni ba malami ba ne, kuma har yau ba rediyo a gidana. Abin da na gani na rubuta.

Saura roƙo. Mai karatu, in kakanka ko mahaifinka ya je yaƙin Bama, ko ya yi aiki a gidan Bature, ka buɗe tsohuwar adakarsa ka duba. Faifan garmaho nake nema, baƙi, mai nauyi. Goggo ta ce takardar tsakiyarsa shuɗiya ce. Kakaki ne yake farawa shi kaɗai, ya sauko hawa uku a hankali, sauran su biyo shi, matar ba ta shigowa sai an kusa rabi. In kaset gare ka, ko kana da ɗa mai sanin irin waɗannan a waya, ka zo da shi. Ina kan bencin Alhaji Mudi kullum daga la'asar zuwa magariba. Zan rera maka ita ta hanci, sau nawa kake so. In dariya za ka yi, ka yi, amma ka saurara har ƙarshe. Kuma kada ka ce sai gobe. Goggo ta haura tamanin da biyar, kuma jira take yi.